Yadda Orvin Ya Riƙe Amanar Bishiyoyin Matarsa

Yayana Orvin Haugland ya shekara saba'in yana yaƙi da dila, kuma har yau ban ga alamar dila ya san ana yaƙi da shi ba. Ni ce ƙanwarsa, Ardis. Shekara uku ya ba ni, shingen waya ne kawai tsakanin gonata da tasa a kwarin Tamsen da ke Montana, don haka abin da zan faɗa a kansa ba wani ne ya ba ni labari ba. Ina sonsa, kada a ce ban faɗa ba. Amma akwai bishiyoyin tuffa goma sha takwas da matarsa ta bar masa amana, kuma duk ranar da na tuna su sai raina ya ɓaci har in kasa cin abinci.

Gabar ta samo asali ne daga wani ɗan rago maraya da Baba ya ba shi yana ɗan shekara tara. Baba ya ce a ba shi madara a kwalba sau huɗu a rana. Orvin ya ga huɗu rowa ce, ya mai da shi takwas. Cikin ɗan ragon ya kumbura, ya kwanta a bayan garke da la'asar ya mutu, a kan idona. Kafin gari ya waye dila ya zo ya cinye rabinsa, kuma wannan rabin Orvin ya gani. Na gaya masa gaskiya tun a ranar, ya make ni a ƙeya. Daga nan ya sha alwashi, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya riƙe alwashin yarinta kamar shi ba.

Da ya girma ya gaji tumakin Baba, sai ya faɗaɗa yaƙin. Yanyawa ta shiga ciki, mujiya ta shiga, shaho da tunku da maciji duk suka shiga. Yana da magana guda da yake maimaitawa a shagon shan gahawa, a ƙofar coci, har a wajen biki: "Duk abin da ke da haƙori ko farce a kwarin nan, daga aljihuna yake ci." In ya harbe dila, sai ya rataye shi da ƙafar baya a kan shingen da ke bakin titi, kamar yadda kakanninmu suke yi, wai don 'yan'uwansa su gani su ji tsoro. 'Yan'uwan sukan zo da sassafe su shinshina, wani lokaci ma su ɗan gutsira, su wuce abinsu. Waɗanda suka ji a jikinsu mu ne. A watan Agusta matar da ke raba wasiƙu sai ta rufe gilashin mota tun daga gada saboda wari.

A 1991 gwiwarsa ta ƙi, ya sayar da tumakin gaba ɗaya. Muka ce to, an huta. Ashe lokaci ya samu. Ba shi da ko tunkiya ɗaya da dila zai ci, amma kullum bindiga tana rataye a bayan kujerar a-kori-kurarsa. Ya sayi usur ɗin nan da maharba ke busawa, mai kukan zomon da aka kama, ya riƙa koyo a baranda bayan cin abincin rana. Ya ƙware ƙwarai. Mutumin da ya shekara hamsin bai iya ce wa matarsa abincin ya yi daɗi ba, ya iya kukan zomo har karnukan maƙwabta su rugo.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne gasar Janairu. Asabar guda ake warewa, a fita da asuba, wanda ya fi kawo gawar dila kafin rana ta faɗi a ba shi kan bel na azurfa mai faɗin faranti. Sau goma sha ɗaya Orvin yana zuwa na biyu. Sau da yawa wanda ke gabansa maƙwabcinsa ne na arewa, Delmar Kvamme, wani siririn mutum da ba ya ko koyon usur.

Matarsa Marlys ba ta da yawan magana. Da aka yi aurensu a 1966 ta zo da rassan tuffa daga gidan kakarta, naɗe a cikin jiƙaƙƙen tawul, ta yi musu aure da 'yan saiwoyi da hannunta, ta dasa a kan gangaren da ke bayan gida, ƙetaren magudanar ban ruwa. Allah bai ba su haihuwa ba. Kowace bishiya tana da suna a wurinta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa sunayen duka ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya wa Orvin tun farko: daga magudanar zuwa kan tudu, bindigarsa ba ta da izinin shiga. Ya yarda, don a lokacin yana ganin ba komai a can sai sandunan da ba za su kai labari ba.

To a kan tudun nan, ƙarƙashin wani tsohon tarin duwatsu, akwai ramin dila. Mata da miji ne, in suka tsufa wasu su gaje su. Marlys ta sani, ni ma na sani. Mukan tsaya a tagar kicin ɗinta da safe mu ga dilan yana bin layin bishiyoyi, ya karkata kai yana saurare, ya daka tsalle ya dira da ƙafafun gaba a kan ɓeran ciyawa. In Orvin ya ji kukansu ya miƙe, sai ta ce, ba tare da ta ɗago daga wanke-wanke ba, "Na gonar Delmar ne. Iska ce ke kawo muryar." Shekara talatin Orvin yana gaba da Delmar a kan wai yana kiwon diloli don ya ci gasa.

Ita kuma tana da nata aikin. Kowane Oktoba takan aske ciyawar gindin bishiyoyin ƙwal, ta kwashe duk tuffan da ya faɗi. In ƙanƙara ta zuba, sai ta sa manyan takalma ta zagaya kowane gindi tana tattakawa har ta daskare, don kada ɓera ya sami hanyar ɓoye ta ƙarƙashi. Orvin yakan tsaya a baranda da kofinsa yana dariya.

"Ardis, zo ki ga matar yayanki tana rawa. Ba kiɗa, ba ɗan kallo."

"Kai ne ɗan kallon ai, Yaya. Aikin da ka fi iyawa ke nan."

Shekara uku ke nan da Marlys ta kwanta ciwo. A watan Satumba, ina zaune a gefen gadon asibiti da rana tsaka, ta kama hannunsa.

"Orvin, bishiyoyina."

"Ko ɗaya ba za ta mutu ba. Na rantse miki."

"Ka bar su yadda..."

"Na ce na rantse. Ki huta."

Ko a ranar ma bai bari ta ƙarasa magana ba. Bayan kwana biyu ta rasu. Kuka ya yi na gaske, irin na mutumin da bai saba ba, har na tausaya masa. Da ma ya tsaya a kukan.

Sai ya shiga kula da bishiyoyin, kuma Orvin abu biyu kawai ya sani game da kula da rai: yadda ake rainon ɗan rago, da yadda ake harbi. Mujiyar da ta shekara da shekaru tana kwana a babbar bishiyar tsakiya ya fara harbowa daga baranda, ba tare da ya ƙetare magudanar ba, wai kashinta yana ɓata reshe. Ya sa tarko ya kama tunku biyu a jikin magudanar. Ciyawa kuwa ya ƙi askewa, don kada injin ya goge ɓawon bishiya. Da sanyi ya fara shigowa, sai ya tuna yadda ake yi wa jariran tumaki a daren ƙanƙara. Ya ɗauko dami-damin karan alkama, ya zagaye gindin kowace bishiya da shi har gwiwa, ya danna, ya ɗaure da igiya. Kwana huɗu ya yi yana aikin da gurguwar gwiwarsa.

Na yi masa magana, ya ce kishin Marlys nake yi tun tana da rai. Sai na kira malamar gona ta gundumarmu, Lucinda Brekke, wata yarinya mai haƙuri wadda kakanta ya yi makaranta da Orvin. Ta zo a watan Nuwamba, ta tura hannu cikin karan, ta zaro shi da 'yan ƙananan kashin ɓera a tafinta.

"Baba, ɗaki ka gina musu. Ga ɗumi, ga abinci a bakin gado."

"Sanyi nake kare musu, 'yar nan."

"Bishiyoyin nan sun ga sanyin shekara hamsin da wani abu ba bargo. Bari in faɗa maka yadda abin yake. Rana ce ke ciyar da ciyawa. Ciyawa ta ciyar da ɓera da zomo. Su kuma su ciyar da dila da mujiya da shaho. Sai ɓera ya ci ciyawa kamar buhu goma kafin ya tara naman buhu ɗaya, haka shi ma dila sai ya ci ɓeraye da yawa kafin a ga ƙiba a jikinsa. Shi ya sa ciyawa ta fi ɓera yawa, ɓera ya fi dila yawa. In ka cire na saman, na tsakiyan ba mai rage su. In ciyawa ta ƙare musu a ƙarƙashin ƙanƙara, ɓawon bishiya za su koma."

Orvin ya saurara har ƙarshe, abin da ya ba ni mamaki. Ya shafa gemu.

"To ni ina nake a wannan tsanin naki?"

"Kai ai kana can sama, Baba."

"Yawwa. Ashe karatun naku ba a banza ba ne."

Abin da ya ji ke nan a duk bayanin. Ya raka ta har mota, ya ba ta kwalbar zuma, ya ce ta gaida kakanta. Karan ya zauna inda yake. Sau biyu ina tsallaka shinge in kwance wasu, sau biyu yana mayarwa, a na ukun ya ce in ya sake ganina a can zai manta uwarmu ɗaya.

Janairu ta zo da ƙanƙara har cinya. Ranar gasar, da rana ta karkata, Orvin yana da dila huɗu a bayan mota, ya kuma ji labarin Delmar yana da biyar. Yana dawowa gida ya sha ruwan zafi sai ya ga sawu a kan ƙanƙara, ya ƙetare magudanar ya bi layin bishiyoyi. Ya ce da ni daga baya jininsa ne ya tafasa, wai ga ɓarayi har cikin amanar Marlys. Ya ɗauki bindiga ya ƙetare magudanar, karo na farko cikin shekara hamsin da biyar. Ya zauna a gindin bishiya ya busa usur. Dilolin tudun ba su taɓa sanin harbi a wannan gangaren ba, suka fito su biyu a guje kamar an kira su cin abinci.

Shida da biyar. Ina cikin zauren taron gari lokacin da aka miƙa masa kan bel ɗin. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Na Marlys ne wannan," in ji shi. "A cikin bishiyoyinta na same su."

Aka tafa masa. Delmar ya miƙa masa hannu.

"Barka, Orvin. Amma waɗannan biyun ƙibarsu ta yi yawa. Ba na gonata ba ne, nawa ramammu ne."

"Naka ne mana. Yawon cin arziki suka shigo."

Na fita waje na zauna a mota har aka watse.

A watan Afirilu ƙanƙara ta narke. Duk gangaren ya fito da 'yan hanyoyin ɓera a cikin matacciyar ciyawa, sun sarƙe ko'ina. Na tsallaka shinge ko ya manta uwarmu ɗaya ko kada ya manta, na yaye karan bishiyar farko. Ɓeraye suka watse ta kan takalmina. Gindin fari tas, an gaigaye ɓawon zagaye, faɗin tafin hannu biyu, har ƙasa cikin saiwa. Na bi ta biyu, ta uku. Sha takwas ɗin duka haka suke.

Lucinda ta sake zuwa. Ta durƙusa ta duba gindayen ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ganye ne ke dafa abinci da hasken rana, ya aika wa saiwa ta ƙarƙashin ɓawo. An yanke hanyar. Amma akwai dabara. A yanko 'yan rassa a dasa su kamar gada, daga ƙasan ciwon zuwa samansa. In aka yi cikin sati biyun nan, ina sa ran shida ko bakwai su tsira. Ni zan yi da hannuna, ba sai ka biya ba."

"Ki sa wuƙa a jikin bishiyar Marlys?"

"An riga an sa musu haƙori, Baba."

"Dubi rassan. Ba toho ne wancan ba?"

"Toho ne. Za su yi fure ma, da abin da suka tara bara. Amma saiwa tana can ƙasa da yunwa."

"Bishiyar da ke toho ba ta mutu ba. Ɗan ƙwarzane ne, zai warke. Na ga rago da dila ya yaga wa ciki ya tashi."

Na ce, "Yaya, don girman Allah ka bari ta yi."

"Ke da ita duk mutuwarsu kuke jira don ku ce kun faɗa."

Ya shafa wa gindayen man da ake shafa wa tunkiya a ciwo, ya naɗe su da tsumma. Sati biyun suka wuce.

Abin haushin, a watan Mayu suka yi furen da ban taɓa ganin sun yi irinsa ba. Gangaren ya yi fari fat, ƙudan zuma kamar za su ɗauke shi. Orvin ya gayyaci duk 'yan coci bayan sujada, ya shimfiɗa tebura a ƙarƙashin rassan, ya ɗaura kan bel ɗinsa a kan tumbi yana zagayawa.

"Ina malamar gonar? A kira ta ta zo ta ga gawa tana fure."

Mutane suka yi dariya, suka sha gahawa. Wasu tsofaffin sun kalli tsumman da ke gindin, suka kalli juna, suka ja bakinsu. Mu mutanen kwarin nan mun iya shiru a inda bai kamata ba.

'Ya'yan suka fito kamar goro, suka tsaya a nan. Da zafin Yuli ya kama, ganye ya fara naɗewa daga sama. Orvin ya buɗe magudanar ya malala musu ruwa har gangaren ya zama taɓo. Kafin ƙarshen Agusta sha biyar sun bushe ƙayau da ƙananan 'ya'yansu a jiki. Ukun da suka rage suna da ɗan ganye, Lucinda ta ce ba za su farka baɗi ba, kuma ba su farka ba.

Na same shi wata safiya a tsakiyarsu, bindiga a cinya.

"Wa za ka harba kuma?"

"Wani ya zuba musu guba. Delmar ne, haushin gasa."

Nan haƙurina ya ƙare. Na gaya masa komai a tsaye, ban sassauta murya ba. Na ce dilolin da ya ci gasa da su a kan tudun nan aka haife su, su da iyayensu da kakanninsu, kuma Marlys ta san da su tun kafin ya sayar da tumaki. Na ce su ne ke yi mata aikin da shi bai taɓa yi ba, su da mujiyar da tunkun, kullum, ba ranar hutu.

Ya ɗago ya kalle ni.

"Ta sani?"

"Ta sani."

"Shekara nawa?"

"Fiye da talatin."

"Ke ma kin sani. Delmar fa?"

"Delmar ba kurma ba ne. Ya san daga inda kukan ke fitowa."

"Me ya sa ba ta gaya min ba?"

"Da ta gaya maka, me za ka yi?"

Ya kalli bindigar da ke cinyarsa. Na ɗauka zan ji sanyi a raina in na amayar da abin, amma ban ji ba. Tsoho ne mai shekara saba'in da tara zaune a kan kujerar roba cikin busassun itatuwa, kuma yayana ne.

Ba zan ce ya canza ba, don ba na son ƙarya. Har yau in aka taɓo maganar dila a shagon gahawa yakan ce ɓarayi ne. Gasar ce dai bai sake shiga ba, ya ce gwiwa ce. Bishiyoyin kuma ya hana a sare. Suna nan tsaye a bakin titi, kowa ya wuce sai ya gan su.

A Oktoban shekarar cocinmu ya shirya walimar girbi, wadda kowane gida ke kawo abin da gonarsa ta bayar. Ana jibi walimar na ji motarsa a ƙofata da hantsi. Ya shigo kicin da buhun takarda, ya ajiye a kan tebur, ya cire hula. Tuffa ne jajaye masu sheƙi, duk girmansu ɗaya, irin na babban kanti da ke birni, tafiyar awa biyu daga nan. Kowanne yana da ɗan tabon danƙo a gefe, inda aka ɓare 'yar takardar kanti da farce.

"Ki yi kek ɗin nan da take yi. Mai kirfa."

"To."

"In an tambaya, ki ce na Marlys ne."

"Yaya, duk garin nan ta gaban bishiyoyin suke wucewa su je coci."

"Na sani."

Yana murza bakin hular da yatsunsa, bai kalle ni ba.

"Ki dai ce."

Na gasa guda uku. A wajen walimar matar fasto ta ɗauki yanka ɗaya, ta tambaye ni na wace gona ne, Orvin yana tsaye a bayanta da farantinsa. Na ce na Marlys ne. Ta kalle ni, ta kalle shi, ta ce ai ta gane ɗanɗanon tun a cokalin farko. Duk wanda ya ci haka ya faɗa, har da Delmar, wanda ya ƙara yanka na biyu. Orvin ya karɓi nasa ya je ƙarshen tebur ya zauna, aka ci aka watse bai taɓa shi ba.